Gwajin tarin fuka ga ɗalibai da masu dawowa daga tafiya: me ake nema, kuma wa ya shafa?

Duk lokacin da jami'o'i suka fara raba takardun ɗaukar ɗalibai, ruɗani iri ɗaya ne ke sake tasowa. Ɗalibi ya yi gwajin tarin fuka kafin a ba shi biza, ya isa makaranta, sai asibitin jami'a ya ce ya zo a ɗibi jininsa a sake wani. Wata ta je hutu wata biyu, ta dawo ta tarar an riƙe mata rajistar kwasa-kwasai sai ta amsa tambayoyi a kan inda ta je. Wani kuma lafiyarsa ƙalau, ko tarin mura ba ya yi, amma takarda ta fito cewa akwai alamar ƙwayar cutar a jikinsa, hankalin iyayensa ya tashi, suna zaton karatun ya rushe ke nan.

Tushen ruɗanin shi ne hukumomin shige da fice da makarantu ba tambaya ɗaya suke yi ba. Mai ba da biza yana son ya san ko mutum yana da cutar a huhunsa yanzu, har zai iya harbin wanda ke zaune kusa da shi. Asibitin makaranta, musamman a Amurka, yana wuce nan ya tambayi ko ƙwayar cutar ta taɓa shiga jikin mutum ta kwanta, don a kashe ta kafin ta tashi. Kowace tambaya da gwajinta, da wa'adinta, da abin da ke biyo bayan sakamakonta.

Cutar da ta tashi da wadda ke kwance

Ƙwayar da ke haddasa tarin fuka ta iska take bi. Mai cutar a huhu ko maƙogwaro yana fitar da ita idan ya yi tari, ko atishawa, ko magana, kuma takan daɗe tana yawo a ɗakin da iska ba ta ratsa shi. Ba a ɗaukar ta ta musabiha ko ta taɓa kayan mara lafiya. Galibi sai an daɗe ana shaƙar iska ɗaya da mai cutar, shi ya sa ta fi kama waɗanda ke kwana ɗaki ɗaya ko aiki wuri ɗaya da shi.

Idan ƙwayar ta shiga huhu, a jikin yawancin mutane garkuwar jiki takan yi mata ƙawanya ta hana ta yaɗuwa. Mutum ba ya tari, ba ya zazzaɓi, ba ya harbin kowa, kuma hoton ƙirjinsa yakan fito tas. Wannan shi ne kwantaccen tarin fuka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na mutanen duniya ƙwayar ta taɓa shiga jikinsu. Daga cikinsu kashi 5 zuwa 10 cikin 100 ne cutar za ta tashi a jikinsu a tsawon rayuwa, kuma haɗarin ya fi yawa a shekara biyu na farko bayan kamuwa. Cuta mai karya garkuwar jiki tana ninka haɗarin fiye da sau goma. Ciwon suga, rashin abinci mai gina jiki, shan taba, shan giya da magungunan da ke raunana garkuwar jiki duk suna ƙara shi.

Cutar da ta tashi kuwa ita ce wadda kowa ya sani: tarin da ya wuce mako biyu, wani lokaci da jini, zazzaɓi, gumin dare har ya jiƙa shimfiɗa, da rama. A 2023 kimanin mutum miliyan 10.8 ne suka kamu da ita a duniya, kimanin miliyan 1.25 suka mutu. Kusan kashi biyu cikin uku na masu cutar suna ƙasashe takwas ne: Indiya, Indonesiya, Sin, Filifin, Pakistan, Najeriya, Bangladesh da Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango. Wannan rabe-raben shi ne ginshiƙin duk dokokin da za a yi bayani a nan, domin ƙasashe suna duba yawan masu kamuwa cikin kowane mutum 100,000 a shekara a ƙasar da mutum ya fito, su yanke ko za a gwada shi.

Akwai wani hali na tsakiya da ya sa hoton ƙirji ke da muhimmanci. Mutum zai iya samun cutar a huhu, har tana fita a kakinsa, alhali bai ji wani ciwon da zai kai shi asibiti ba. Binciken gida-gida da aka yi a ƙasashe da dama ya gano irin waɗannan da yawa. Don haka "ai lafiyata ƙalau" ba ta isa hujja a wurin likitan biza.

Gwaji huɗu, kowane da abin da yake gani

Mafi daɗewa shi ne gwajin fata, wanda ke ɗauke da sunan likitan Faransa Charles Mantoux. Ma'aikacin jinya yana zura ɗan ruwan magani a cikin fatar hannu, tsakanin gwiwar hannu da wuyan hannu, sai wurin ya ɗan taso kamar cizon sauro. Mutum ya tafi, ya dawo bayan awa 48 zuwa 72. A ranar dubawa ma'aikacin ba jan wurin yake kallo ba. Yatsa yake bi a kan fatar ya laluba inda ta yi tauri, ya sa alama da biro a gefe biyu, ya auna faɗin da milimita. Ma'aunin da ake ɗauka a matsayin alamar kamuwa ya danganta da mutumin: milimita 5 ga mai raunin garkuwar jiki ko wanda ya zauna da mai cutar, 10 ga wanda ya fito daga ƙasar da cutar ta yi yawa, 15 ga wanda ba shi da wani haɗari da aka sani. Wanda bai dawo cikin awa 72 ba, gwajin ya lalace, sai a sake.

Matsalar gwajin fata ita ce allurar BCG. Tun 1921 aka fara amfani da wannan rigakafin, kuma a yawancin ƙasashen Afirka da Asiya ana yi wa jarirai ita jim kaɗan bayan haihuwa, ita ce ke barin ɗan tabo a damtse. Tana kare yara ƙanana daga mummunan nau'in cutar, irin wanda ke kama ƙwaƙwalwa, amma ba ta da tabbas wajen kare manya daga tarin huhu. Shi ya sa tabon BCG ba ya ɗauke wa kowa gwaji. Sannan allurar takan sa fatar wasu ta kumbura a gwajin Mantoux alhali ƙwayar cutar ba ta taɓa shiga jikinsu ba.

Gwajin jini, wanda likitoci ke kira IGRA, an ƙirƙiro shi ne don kauce wa wannan. Ana haɗa jinin mutum da wasu sinadarai da ke jikin ƙwayar tarin fuka amma babu su a cikin BCG, a ga ko garkuwar jiki ta gane su. QuantiFERON da T-SPOT su ne aka fi sani. Zuwa ɗaya ake yi, kuma BCG ba ta rikita shi, shi ya sa jami'o'i da yawa suka daina karɓar gwajin fata daga ɗaliban da aka yi wa allurar. Ya fi tsada, kuma wani lokaci sakamako yakan fito ba eh ba a'a, sai an sake.

Abin lura a nan, gwajin fata da na jini duk amsa ɗaya suke bayarwa: garkuwar jiki ta taɓa haɗuwa da ƙwayar. Ba sa bambance cutar da ke kwance da wadda ta tashi, ba sa faɗin yaushe aka kamu, kuma ba sa nuna wanda cutar za ta tashi a jikinsa nan gaba.

Hoton ƙirji shi ke duba huhun kansa. Yana nuna inuwa, ko rami, ko tabo, amma ba ya tabbatar da abin da ya jawo su. Tsohon ciwon huhu da ya warke tun yarinta zai iya barin alamar da za ta tsayar da likita. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a riƙa amfani da manhajar kwamfuta wajen karanta irin waɗannan hotuna ga 'yan shekara 15 zuwa sama.

Idan hoto ya nuna wani abu, sai a koma ga kaki. A nan ne lokaci ke tafiya. Na'urar GeneXpert, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a 2010, tana gano ƙwayar cikin kamar awa biyu, har ta nuna ko ta bijire wa maganin rifampicin. Amma hukumomin biza na Birtaniya da Amurka suna neman a karɓi kaki sau uku a ranaku daban-daban, a gaban ma'aikaci, a kuma raini ƙwayar a ɗakin gwaji. Ƙwayar tarin fuka mai jinkirin girma ce, takan ɗauki awa 15 zuwa 20 kafin ta rabu biyu, don haka sai an jira har mako takwas kafin a ce babu komai.

Yadda aka zo nan

Tantance baƙi saboda tarin fuka ya girmi maganin cutar. Robert Koch ya sanar da gano ƙwayar a Balin ranar 24 ga Maris 1882, kuma bayan shekara goma aka buɗe tashar Ellis Island a New York, inda likitoci ke tsayawa suna kallon baƙi suna wucewa, su sa wa wanda suke zargi alama da alli a riga. A lokacin babu magani, abin da hukuma ke iya yi shi ne tsarewa ko mayarwa.

Bayan samun magunguna daga shekarun 1940 cutar ta ja baya sosai a Turai da Arewacin Amurka, har aka ɗauka an gama da ita. Sai ta dawo a shekarun 1980 tare da cuta mai karya garkuwar jiki da nau'in da ba ya jin magani, abin da ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana ta a matsayin matsalar gaggawa ta duniya a 1993. Tun daga nan yanayin ya sauya a ƙasashe masu arziki: cutar ta ragu a tsakanin haifaffun ƙasa, sai kason waɗanda aka haifa a waje ya yi ta hawa. A Amurka, inda aka samu sama da mutum 9,600 da cutar a 2023, fiye da kashi 70 cikin 100 haifaffun waje ne. A Ingila kason ya kai kusan kashi 80.

Dokokin ƙasashe ba ɗaya ba ne

A da Birtaniya ta daɗe tana ɗaukar hoton ƙirjin baƙi a filayen jirgin Heathrow da Gatwick. A 2005 ta fara gwada tantancewa tun kafin tafiya a wasu ƙasashe, a 2012 kuma ta sanar da faɗaɗa tsarin zuwa ƙasashen da masu kamuwa suka wuce 40 cikin 100,000 a shekara. Yau duk mai neman zaman wata shida zuwa sama, wanda ya zauna a ɗaya daga ƙasashen da ke jerin, sai ya haɗa takardar shaidar gwaji da takardun neman bizarsa. Ba kowane asibiti ake karɓar takardarsa ba, sai wanda ma'aikatar cikin gida ta Birtaniya ta amince da shi, kuma a ƙasashe da dama Hukumar Kula da Ƙaura ta Duniya ce ke gudanar da su. Takardar tana aiki wata shida daga ranar ɗaukar hoto. Yaran da ba su kai shekara 11 ba galibi likita ne ke duba su ba tare da hoto ba. Mai juna biyu tana da zaɓi: hoto da ƙarin kariya bayan wata uku na farko, ko gwajin kaki, ko ta jira sai ta haihu.

Wurin zama ake dubawa, ba fasfo ba. Ɗan ƙasar da ke jerin, idan ya shafe wata shida a ƙasar da ba a buƙatar gwaji kuma bai yi fiye da wata shida da barin ta ba, ba a neman takardar a wurinsa. Wanda kuma ke da izinin zama na dindindin a Birtaniya, idan ya yi fiye da shekara biyu a waje yana neman komawa, dokar za ta iya hawa kansa.

Kanada tana neman cikakken binciken lafiya daga wanda zai zauna fiye da wata shida, idan ya yi wata shida a ƙasar da ke jerinta cikin shekarar da ta gabata, kuma sakamakon yana aiki wata 12. Ostireliya ma tana ɗaukar hoton ƙirji daga shekara 11. Duka biyun sukan bar mai tsohon tabo ya shiga bisa sharaɗin zai kai kansa ga hukumar lafiya a ci gaba da bibiyarsa. Koriya ta Kudu ta fara neman takardar daga masu doguwar biza a 2016, Japan kuma ta fara nata tsarin a 2025 da 'yan Filifin, Nepal da Biyetnam.

Amurka ta bi wata hanya dabam, kuma ita ce ta fi rikita ɗalibai. Mai neman zama na dindindin dole likitan da gwamnati ta amince da shi ya duba shi bisa ƙa'idar Cibiyar Yaƙi da Cututtuka ta ƙasar. Mai bizar karatu kuwa gwamnatin tarayya ba ta neman gwajin tarin fuka a wurinsa. Aikin ya koma hannun jihohi da jami'o'i, kowace da ƙa'idarta. Abin da aka fi yi shi ne a ba kowane sabon ɗalibi, baƙo da ɗan ƙasa, takardar tambayoyi: ina aka haife ka, ka taɓa zama a ƙasar da cutar ta yi yawa, ka taɓa zama da mai ita, ka yi aiki a asibiti ko gidan yari? Wanda ya amsa eh a ɗaya sai a tura shi gwajin jini. Wasu jami'o'in ba sa karɓar sakamakon da aka yi a wajen Amurka, wasu kuma suna karɓa idan bai wuce wasu watanni ba. Makamin da ke hannunsu shi ne riƙe rajista ko hana ɗakin kwana, kuma ga mai bizar karatu rashin rajista ba ƙaramin abu ba ne, tunda bizar a kan kasancewarsa ɗalibi take tsaye.

Ingila ma tana da mataki na biyu bayan isowa. Tun 2015 ake gayyatar 'yan shekara 16 zuwa 35 da suka shigo cikin shekara biyar daga ƙasashen da cutar ta fi tsanani su yi gwajin jini kyauta. Wannan na ganin dama ne, kuma ba ya taɓa biza.

Wanda ya dawo daga tafiya

Babu ƙasar da ke hana ɗanta komawa gida saboda bai yi gwaji ba, kuma ba a gwada masu gajeriyar ziyara a bakin iyaka. Ƙa'idojin da suka shafi mai dawowa daga makaranta ko wurin aiki suke fitowa, musamman ga ɗaliban likitanci da jinya da waɗanda suka je aikin sa kai. Jami'o'i da dama suna sake neman gwaji daga ɗalibin da ya yi wata ɗaya ko fiye a ƙasar da cutar ta yi yawa, ko da hutu ya je wurin iyayensa.

Haɗarin ba ɗaya ba ne ga kowane matafiyi. Wanda ya yi mako guda a otal ba daidai yake da wanda ya yi wata uku a ɗakin marasa lafiya ko sansanin 'yan gudun hijira ba, haka wanda ya sauka gidan dangi inda wani ke fama da tari. Yara 'yan ƙasa da shekara biyar da aka kai ziyara su ne abin damuwa, domin cutar takan tashi a jikinsu da sauri. Jirgin sama, wanda mutane suka fi tsoro, haɗarinsa kaɗan ne. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce a nemi fasinjoji kawai idan tafiyar ta kai awa takwas, kuma waɗanda suka zauna layi ɗaya da mai cutar da layi biyu gaba da biyu baya.

Lokacin gwaji shi ne inda aka fi yin kuskure. Garkuwar jiki tana ɗaukar makonni kafin ta nuna ta gane ƙwayar, don haka wanda ya sauka jiya ya yi gwaji yau zai iya samun sakamakon da ke cewa babu komai alhali ya kamu. Shawarar Cibiyar Yaƙi da Cututtuka ta Amurka ita ce mai zuwa wuri mai haɗari ya yi gwaji kafin ya tafi, ya sake mako 8 zuwa 10 bayan dawowa. Na farkon shi ke ba na biyun ma'ana: idan da babu, yanzu akwai, to sabon kamu ne, kuma shi ya fi cancantar maganin kariya. Wannan jiran bai shafi mai tari ko zazzaɓi ko rama ba. Shi asibiti zai nufa nan take, ya kuma faɗa wa likita inda ya je, domin likitan ƙasar da cutar ba ta da yawa ba lalle tarin fuka ya fara zo masa a rai ba.

Wani ƙaramin tarko shi ne allurar ƙyanda, wadda jami'o'i kan nema a lokaci guda. Rigakafi irin wannan, mai ɗauke da ƙwayar cuta mai rai da aka raunana, yana iya danne sakamakon gwajin, don haka ko a yi su rana ɗaya, ko a bar aƙalla mako huɗu tsakani.

Inda ake saɓani

Masu goyon bayan tantancewa kafin tafiya suna cewa duk mai cutar da aka gano kafin ya hau jirgi an tsare abokan ɗakinsa da na ajinsa, shi ma an gano ciwonsa da wuri. Ɗakunan kwanan ɗalibai wuri ne da mutane ke shaƙar iska ɗaya dare da rana, kuma mutum ɗaya mai cutar yakan sa a gwada ɗaruruwa. Suna ƙarawa da cewa tsarin ya fi na filin jirgi tsari, tunda akwai lokacin rainon kaki.

Masu suka ba su musanta wannan ba, amma suna cewa hoton ƙirji halin rana ɗaya kawai yake nunawa. Ba ya ganin cutar da ke kwance, ba ya ganin wadda ta kama ƙashi ko kaluluwa. A Amurka fiye da kashi 80 cikin 100 na masu cutar, tsohuwar ƙwaya ce ta tashi a jikinsu, sau da yawa shekaru bayan shigowa. Ke nan takardar biza ba ta taɓa babban ɓangaren matsalar. Suna kuma nuni da cewa miliyoyin masu yawon buɗe ido suna shiga ba tare da gwaji ba, cewa kuɗin gwajin a wuyan mai neman biza yake, kuma asibitocin da aka amince da su kaɗan ne, galibi a manyan birane. Binciken da ke bin sawun ƙwayar a Turai ya nuna yaɗuwa daga baƙi zuwa haifaffun ƙasa ba ta da yawa, don haka masu sukar ke ganin dokar tana ƙara wa baƙi tsangwama fiye da yadda haɗarin ya kai.

To me zai hana a gwada kowa, a huta da zargin wariya? Amsar lissafi ce. A ƙaddara mutum 1,000 ne, goma kacal ke ɗauke da ƙwayar, gwajin kuma yana kuskure a kan biyu cikin kowane ɗari na masu lafiya. Zai nuna kusan mutum 20 da ba su da komai, wato waɗanda aka tayar wa hankali a banza sun ninka na gaskiya, kuma wasunsu za su sha maganin da ke iya taɓa hanta ba tare da dalili ba. A cikin jama'ar da kashi ɗaya cikin huɗu ke ɗauke da ƙwayar, gwajin nan dai yawancin abin da zai nuna gaskiya ne. Wannan hujjar tana da ƙarfi, sai dai ba ta amsa ƙorafin cewa ƙasar haihuwa ma'auni ne mai kauri, wanda ke haɗa wanda ya tashi a cunkoso da wanda bai taɓa kusantar mai cutar ba.

Matsayin Hukumar Lafiya ta Duniya yana tsakani. Ba ta hana tantance baƙi ba, amma tana cewa a yi shi da nufin kai mutum ga magani, ba don a kore shi ba. Da wannan ma'aunin, tsarin da ke jinkirta biza har a gama magani ya bambanta ƙwarai da wanda ke hana mutum aiki saboda tsohon tabo, kamar yadda aka daɗe ana kuka da shi a gwajin ma'aikata masu zuwa ƙasashen yankin Gulf. Inda mutum ya san sakamako zai iya raba shi da abincinsa, ɓoye tari zai yi, cutar kuma ta ci gaba da yaɗuwa.

Abin da ke biyo bayan sakamako

Ga ɗalibin da gwajin jininsa ya nuna alama, mataki na gaba hoton ƙirji ne da tambayoyin likita. Idan sun fito lafiya, kwantacciyar cuta ce: zai shiga aji, zai kwana a ɗakin ɗalibai, kuma ba a soke biza a kan haka a Birtaniya ko Amurka ko Kanada. Za a yi masa tayin maganin kariya, wanda a yawancin wurare zaɓi ne. A da isoniazid ake sha kullum wata shida zuwa tara, mutane da yawa kuma ba sa kai ƙarshe. Yanzu akwai rifampicin na wata huɗu, da haɗin isoniazid da rifapentine sau ɗaya a mako har mako 12. Rifampicin da rifapentine suna mayar da fitsari da hawaye ruwan lemo, wannan ba abin tsoro ba ne, amma suna rage ƙarfin ƙwayoyin tsarin iyali da wasu magunguna, don haka likita na buƙatar sanin duk abin da mutum ke sha. Idon da ya yi rawaya ko amai mai naci kuwa alamar hanta ce, a dakata a koma asibiti.

Gwajin fata da na jini sukan ci gaba da nuna alama ko bayan an gama magani. Wanda ya taɓa samun irin wannan sakamako ba a sake masa gwajin, takardunsa ake dubawa: sakamakon farko, rahoton hoto, sunan magani da ranar farawa da gamawa. Wanda ya ɓatar da su yakan sake bin layin daga farko duk lokacin da ya sauya makaranta ko wurin aiki. Haka wanda ya taɓa jinyar tarin fuka ya warke, zuwa wurin likitan biza da tsohon hoto da katin magani yana taimaka wa likitan ya gane tabon tsoho ne.

Idan kuwa cutar ta tashi, ba a ba da takardar shaida sai an gama magani an sake gwaji. Maganin wata shida ne: wata biyu na isoniazid, rifampicin, pyrazinamide da ethambutol, sai wata huɗu na biyun farko. Yawancin masu sha yadda ya kamata suna daina harbin wasu bayan makonnin farko, kuma a ƙasashe da yawa kyauta ake ba da shi. Nau'in da ba ya jin magani, wanda a da jinyarsa kan kai wata 18 zuwa sama, tun 2022 akwai haɗin wata shida da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi ga yawancin masu shi. Ga ɗalibi wannan yana nufin ɗage karatu zuwa wani zango ko wata shekara, abin da jami'o'i da dama ke yarda da shi idan an sanar da su da wuri.

Wanda ya fi shiga tsaka mai wuya shi ne mai lafiya da hotonsa ya nuna inuwa. A ɗauka karatu zai fara a tsakiyar Satumba, ɗalibi ya je hoto a ƙarshen Yuli, likita ya ga wani abu ya ce a kawo kaki. Mako takwas na raino zai kai shi ƙarshen Satumba, kafin ma a fara duba takardun biza, ko da sakamakon ya fito babu komai. Da a watan Mayu ya yi hoton, da ya samu sararin jiran, kuma takardar Birtaniya mai wa'adin wata shida tana nan da ranta har Nuwamba. Wanda kuma ya yi gaggawa ya ɗauki hoto tun Janairu, takardarsa za ta mutu a Yuli, wataƙila kafin jami'a ta aiko da shaidar gurbin da ake neman biza da ita, sai ya sake biya ya sake hoto.